Sha'iri ne ko mawaƙi? Muhawara kan waƙoƙin ƙuruciyar Tupac

Ɗan Tudun Wada: Assalamu alaikum. Akwai abin da yake cin raina tun ranar Asabar, na ga gara in kawo shi gabanku. An gayyace ni wani zaman karatun waƙoƙi, aka ce kowa ya zo da abin da ya karanta ya ji daɗinsa, ni kuma na tafi da littafin marigayi Tupac Shakur, mawaƙin gambaran nan na Amurka, mai suna The Rose That Grew from Concrete, wato furen wardin da ya tsiro a tsagin kankare. Ban kai ƙarshen waƙar farko ba wani dattijo ya katse ni, ya ce ba a tara mutane don sauraron shirmen ɗan daba ba. Aka yi dariya, na nemi wuri na zauna. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne na tabbata dattijon nan bai taɓa buɗe littafin ba.

Waƙoƙi 72 ne a ciki, waɗanda ya rubuta tsakanin 1989 da 1991, yana ɗan shekara 18 zuwa 20, tun kafin suna da kuɗi da shari'o'i su same shi. A lokacin yana halartar zaman koyon rubutu na wata mata, Leila Steinberg, a jihar Kalifoniya, kuma ita ce ta adana takardun har aka buga su a 1999, shekara uku bayan an harbe shi a Las Vegas. Akwai waƙar da ya sadaukar ga Nelson Mandela, akwai ta mai zanen nan Vincent van Gogh, akwai na soyayya da na kaɗaici, har da wadda yake maganar mutuwarsa yana cewa yana jin ba zai daɗe a duniya ba. Abin da nake cewa shi ne, duk wanda ya karanta su da zuciya ɗaya zai ga yaron nan sha'iri ne tun kafin ya zama mawaƙin gambara, kuma a kan wannan ya kamata a auna littafin.

Malam Mai Aruli: Wa alaikumus salam. Ɗana, ban goyi bayan a kunyata mutum a bainar jama'a ba, amma kalmar sha'iri da ka yi amfani da ita ta yi wa mutumin nan yawa. Sha'iri shi ne wanda ya san ma'auni da ƙafiya, ya zuba maganarsa a cikin bahari, wato tsayayyen karin waƙar Larabci, kamar yadda Khalil bin Ahmad ya tsara guda goma sha biyar, Akhfash ya ƙara na sha shida. A kan wannan turba rubutacciyar waƙar Hausa ta ginu tun daga zamanin Nana Asma'u har zuwa su Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja. Ka gaya mini, waƙoƙin nan ƙwar biyu ne ko ƙwar biyar, kuma a wane kari aka ɗora su? Idan babu ko ɗaya, to mutuminka mawaƙi ne, wannan kuwa ba zagi ba ne.

Maman Khalifa: Allah gafarta Malam, ina ganin an ɗauko mudun wata kasuwa ana awo da shi a wata. Yaron nan da Turanci ya yi rubutu, su kuwa masu wannan harshe sun fi shekara ɗari suna rubuta waƙar da ba ta da ma'auni ƙayyadadde, kuma ba wanda ya hana marubutanta sunan da muke fassarawa da sha'iri. Su kansu Larabawan da muka aro kalmar daga wurinsu sun sassauta tun 1947, lokacin da Nazik al-Mala'ika da Badr Shakir al-Sayyab suka fara sabon salo a Iraƙi. Sannan ba da ka ya tashi ba: ya yi karatu a makarantar koyon fasaha ta Baltimore, inda ya koyi wasan kwaikwayo da waƙa, har ya fito a wasannin Shakespeare.

Malam Mai Aruli: Hajiya, na gode da kika ambaci mutanen Iraƙi, domin hujjar tawa ce. Su ba su zubar da taf'ila ba, wato ƙafar da ake gina ma'aunin waƙa da ita, tsawon ɗango kawai suka saki, saboda haka har yanzu ana iya yanka waƙarsu a kan ma'auni. Shiga makarantar fasaha kuwa ba ta mayar da mutum sha'iri, kamar yadda zama kusa da maƙera ba ya mayar da mutum maƙeri.

Mai Kaset: Ni duk wannan zancen bahari ban san shi ba, amma shekara takwas na yi ina sayar da kaset a bakin tasha, kuma na san abin da samari suke nema a wancan lokaci. Babu shagon askin da za ka shiga ba ka ga hoton Tupac ba, wannan gaskiya ne. Sai dai idan ana maganar iya sarrafa harshe, Biggie, wani mawaƙin gambara na Amurka na zamaninsa, ya fi shi nesa ba kusa ba, kuma shi an ce ko takarda ba ya ɗauka, a ka yake tsara baitocinsa ya shiga ya rera. To idan wanda ya rubuta a littafin makaranta ya zama sha'iri, wanda ya riƙe nasa a ka kuma fa, me za ku kira shi? Shi ma kashe shi aka yi a Los Angeles a watan Maris na 1997, yana da shekara 24, amma ba na jin kowa yana yi masa kuka a nan.

Ɗan Tudun Wada: Yaya Mai Kaset, don Allah ba gasar Tupac da Biggie na kawo ba. Maganata a kan littafi ce, kuma har yanzu ba wanda ya ce mini ya karanta ko waƙa ɗaya daga ciki.

Baban Zahra: Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Na ga mai tambaya ya rubuta “marigayi Tupac”, kuma ba wanda ya tanka. A iya tarbiyyar da muka samu, marigayi da rasuwa na Musulmi ne, wanda ba Musulmi ba kuwa cewa ake yi ya mutu. Ban da haka, mutumin da kotu ta ɗaure a 1995 bisa laifin cin zarafin wata mace, shi ne yau ake nema mana mu ɗora a sahun su Zungur? Allah Ya riga Ya gaya mana a Suratus Shu'ara'i irin mutanen da suke bin mawaƙa.

Na Damagaram: Baban Zahra, da girmamawa, marigayi daga rigaya ta fito, wato wanda ya riga mu tafiya, kuma babu addini a cikin ginin kalmar. Gidajen rediyon da suke watsa shirye-shirye da Hausa sun sha cewa marigayi Nelson Mandela, ban ji an rufe su ba. Game da ayar kuma, ai ba a nan surar ta tsaya ba, ayar ƙarshe ta ware waɗanda suka yi imani suka aikata ayyuka na ƙwarai, kuma Hassanu bin Sabit sha'iri ne a gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Wani abin lura kuma, kalmar da ke cikin ayar ita ce jam'in sha'iri, saboda haka idan za a kafa hujja da ita, ta fi kusa da mutanen Malam Mai Aruli fiye da mawaƙin gambara.

Malam Mai Aruli: Na Damagaram, ka iya bakinka. Ba a sa ni cikin wasa da aya.

Na Damagaram: Allah Ya huci zuciyar Malam, ba da nufin raini na faɗa ba, amma ban janye maganar asalin kalmar ba.

Baban Zahra: Abin da rediyo ya faɗa ba hujja ba ne a wurina. Kakata ba ta taɓa cewa wanda ba Musulmi ba ya rasu, kuma ta fi duk masu karanta labarai jin Hausa.

Maman Khalifa: To ai ita ma kakarka ba ƙamus ba ce, Baban Zahra. Amma batun ɗaurin da ka kawo gaskiya ne, kuma ni a matsayina na mace ba zan share shi ba, an same shi da laifin, ya yi watanni a kurkuku a jihar New York kafin a yi belinsa a watan Oktoba na 1995. Abin da nake so a lura da shi shi ne waƙoƙin da ake magana a kansu sun riga wannan da shekaru. Mahaifiyarsa, Afeni Shakur, 'yar ƙungiyar Black Panther ce, mai fafutukar 'yancin baƙar fata a Amurka, tana ɗauke da cikinsa ta kare kanta a gaban kotu ba tare da lauya ba, aka wanke ta a watan Mayu na 1971, ta haife shi a watan Yuni. Daga baya ta faɗa shan ƙwaya, ya tashi cikin talauci ana ƙaura daga New York zuwa Baltimore zuwa Marin City. Yaron da ya fito daga irin wannan gida ya zauna yana kwatanta kansa da furen da ya keta kankare ya fito ba tare da kowa ya kula da shi ba, ni ina ganin ya cancanci a saurare shi kafin a yanke masa hukunci. Ba na cewa duk waƙoƙin sun nuna. Na karanta wajen guda ashirin, wasunsu irin abin da ɗan sakandare yake rubuta wa budurwarsa ne a bayan littafin lissafi, kuma da ba sunansa ne a bangon ba, da wuya kamfanin ɗab'i ya kalle su.

Ɗan Tudun Wada: Anti, na gode, ke kaɗai kika taɓa littafin. Sai dai ban yarda da ƙarshen maganarki ba. Rashin gogewar nan ita ce darajarsu, shi ya sa aka buga kowace waƙa da hoton rubutun hannunsa a gefe, ana ganin inda yake sa lamba 2 da 4 a madadin kalmomin Turancin da suka yi kama da su a furuci, da inda yake zana ido a madadin kalmar da ke nufin “ni”.

Malam Mai Aruli: Madalla, ka kawo mini shaida da bakinka. Mutumin da yake zana ido a tsakiyar ɗango shi ne sha'iri? Ku ba shi sunan fasihi idan kuna so, in kawar da kai, ko da yake a wurinmu idan aka ce Fasihi, Aƙilu Aliyu ake nufi.

Mai Kaset: To Malam, Shata fa? Bai rubuta ko ɗango ɗaya ba, amma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa, ana kiransa Dokta har ya bar duniya a 1999. Shi sha'iri ne ko ba sha'iri ba ne?

Malam Mai Aruli: Shata mawaƙin baka ne, kuma sarki ne a fagensa, bai taɓa neman a kira shi da wani suna ba. Ku ne 'yan zamani kuke jin kalmar mawaƙi ta yi muku kaɗan, sai an aro muku ta Larabci.

Na Damagaram: Idan rubutu da hannu ne sharaɗi, to Aliyu Namangi makaho ne, faɗa yake yi ana rubuta masa. Idan kuma ma'auni ne sharaɗi, waƙar gambara a kan kiɗa take tafiya, kuma wanda ya saki kari ko da gaɓa ɗaya, kowa zai ji.

Baban Zahra: Yanzu kuma an haɗa Malam Aliyu Namangi, mai begen Annabi, da mutumin da ya yi zanen “rayuwar 'yan daba” a cikinsa. Ni na fita daga wannan magana.

Mai Kaset: Kafin ka fita, ka sani ni ma ban ce a haɗa su ba. Abin da na ce shi ne Biggie ya fi shi, kuma har yanzu ba wanda ya musa.

Maman Khalifa: Ba a musa ba ne saboda ba wanda ya tambaye ka.

Ɗan Tudun Wada: An bar jaki ana dukan taiki. Na janye kalmar sha'iri, na janye marigayi, ku kira shi duk abin da kuka ga dama. Tambayata ita ce, daidai ne a hana mutum karanta waƙa saboda sunan wanda ya rubuta ta?

Mai Kula da Zaure: Jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita abin da aka tattauna domin waɗanda ba su samu bibiya ba. Ɗan'uwanmu Ɗan Tudun Wada ya zo da da'awar cewa mawaƙin gambaran nan na Amurka sha'iri ne. Malaminmu, Malam Mai Aruli, wanda ni kaina a wurinsa na koyi yankan baiti, ya yi bayani mai gamsarwa cewa sha'irci yana da sharuɗɗa, wato ma'auni da ƙafiya, kuma babu wanda ya iya nuna su a cikin rubutun mutumin. Hajiya Maman Khalifa, wadda ita ce ta karanta littafin, ta tabbatar da cewa waƙoƙin irin na 'yan sakandare ne. An ɗan taɓa batun kalmar marigayi da na wani mawaƙin daban, waɗanda ba su shafi maudu'in ba, an kuma yi wa Malam wata magana da ba ta dace ba, amma an ba shi haƙuri. A ƙarshe mai da'awar da kansa ya janye kalmarsa, saboda haka an tsaya a kan cewa Tupac mawaƙi ne. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, Malam zai yi mana darasi a kan baharin Kamil da yadda marubutan Hausa suka yi amfani da shi, kuma ana roƙon kowa ya zo da baiti biyar na ƙashin kansa.