Wanda ya haɗiye Attack on Titan a kwana huɗu ya kalle shi kuwa?

Auwal: Salam jama'a. Jiya Mubarak ya ce ya gama Attack on Titan kaf a kwana huɗu, har yana cewa wai bai ga abin da ya sa muke ta zuzuta kashi na 54 ba, tun jiyan maganar nan take cina. Ni dai ga matsayata: duk wanda ya haɗiye wannan anime, wato fim ɗin zane na Japan mai kashi-kashi, a dunƙule labarin kawai ya sani, bai kalle shi ba. Abin da aka fara haskawa a Afrilun 2013 aka rufe a Nuwamban 2023, shekara goma da ɗoriya, kai ka zo ka kwankwaɗe shi kamar kunun buɗa-baki sannan ka ce abu ɗaya muka kalla? Wanda bai gama ba ya kauce don za a fasa ƙwai sosai.

Mubarak: Haba Yaya Auwal, ni fa ban ce 54 ba kyau ba, cewa na yi 55 ya fi shi taɓa ni. Kuma duka-duka nawa abin yake, kashi 87 ne da dogaye biyu na ƙarshe, in ka haɗa wajen awa 37, hutu nake ba abin da nake yi. Zanen da ka gani shi na gani, kiɗan da Sawano ya tsara wa anime ɗin da ka ji shi na ji, to me na rasa?

Auwal: Jira ka rasa, kuma jiran nan yana cikin labarin. Bari in ba ka misali da 54 ɗin. Kwamanda Erwin ya ja yaran nan sababbin shiga soja a kan dawaki sun tunkari ruwan duwatsu suna sane mutuwa za su yi, don kawai Levi ya samu ya kai ga titan ɗin nan, wato basamuden nan, mai siffar biri, can ɗaya gefen kuma Armin ya riƙe igiya a cikin tururin babban titan ɗin Bertholdt har ya ƙone ƙurmus, sai aka rufe. Kwana bakwai muka yi a haka wlh. A cikin kwana bakwan ne wani ya tuno ai tun kashi na 47 Kenny, kawun Levi, ya damƙa masa allurar da ke mai da mutum titan, wadda za ta iya ceto mai mutuwa, kafin ya mutu, shi ke nan sai musu ya ɓarke, in allura ɗaya ce wa za a yi wa, kwamanda ko yaro. Ni na yi kwanaki ina bayan Erwin, na zo na sauya, na sake komawa. Lokacin da 55 ya fito kowannenmu ya riga ya yanke nasa hukuncin, shi ya sa da Levi ya zaɓi Armin muka ji kamar da mu aka yi shawarar. Kai kuwa tsakanin ƙonewar Armin da tashinsa bai fi ka danna na gaba ba.

Zainab: Wannan gaskiya ne, ina tune da makon nan, har a aji ina tunanin allurar 😭

Mubarak: To na ji wannan. Amma Yaya ka faɗi abin da jiran ya ci muku mana. Titan ɗin nan mai murmushi da ta cinye mahaifiyar Eren, jarumin labarin, a kashi na 1, sai a 57 aka nuna ashe Dina ce, matar babansa ta farko. Ni ana nuna fuskar na miƙe tsaye don shekaranjiya na ga ta farkon, tana nan raɗau a idona. Ku kuma shekara shida ce tsakani, 2013 zuwa 2019, na tabbata da yawanku sai da wani ya haɗa muku hotuna biyun gefe da gefe kafin ku gane. Haka sunan kashi na 1, saƙo ne zuwa ga wani bayan shekara 2000, sai kashi na 80 ya zo da amsarsa daga shekara 2000 baya. Isayama, marubucin, ya ɗinka labarin nan ne kamar aikin hular zanna, zare ɗaya yana ɓacewa ya ɓullo can gaba, wanda ya riƙe hular gaba ɗaya a hannu shi yake ganin zanen.

Auwal: Ba wanda ya manta fuskar nan Mubarak, ai ta sake fitowa a ƙarshen zango na 2 ta kashe Hannes a gaban Eren. Kuma tunda zancen zare kake, ka gaya min tsakani da Allah, waƙar rufewa ta zango na 2 ka tsaya ka kalla ko tsallakewa ka dinga yi?

Mubarak: Na tsallake gsky.

Auwal: To ka gani. A cikinta akwai zane irin na tsofaffin littattafai, yara uku suna cin gawa ana tsaye a kansu, ga samudawa a jere suna tattake gari. Mako 12 muna kallon wannan a 2017 muna tambayar juna mene ne haka, sai a 2022 kashi na 80 ya nuna 'ya'yan Ymir ne, titan ta farko, Maria da Rose da Sina, waɗanda aka sa wa ganuwoyi ukun da ke kare mutane sunansu. Mai sauri ba ya ganin irin wannan.

Malam Nura: Auwal ina da tambaya ɗaya. Zango na 1 kai ma mako-mako ka kalle shi?

Auwal: A'a Malam, shi kam a memori na same shi wajen 2014, dare biyu na yi. Daga zango na 2 na fara bi duk mako.

Malam Nura: To ashe kai ma a ma'auninka ba ka kalli kashi 25 na farko ba ke nan, alhali a nan ne jiran da ya fi kowane yake, an cinye jarumin labari a kashi na 5 ba a sake ganin fuskarsa ba sai ƙarshen na 8. Ba don in kunyata ka na faɗa ba. So nake ka ga yawancinmu a nan ba zaɓa muka yi ba. A lokacin wa yake da datar sauke kashi duk daren Lahadi, ga ba wuta, sai dai ka kai wayarka wurin masu turi a bakin kasuwa a zuba maka zango guda, shi ma sai ya kammala tukuna. Har yau yara da yawa haka suke kallo. Kar mu mai da abin da aljihu ya yanke ya zama ma'aunin wa ya iya kallo.

Auwal: Wannan na karɓa Malam, kuma ba raina kowa nake ba. Amma ai shi ya sa na san bambancin, na ɗanɗana duka biyun. Mutuwar Eren a kashi na 5 ba ta yi min komai ba don bayan awa ɗaya na gan shi, har yau ina jin an cuce ni a nan. Amma fuskar titan da ta leƙo daga cikin ganuwa a ƙarshen 25, wannan na ɗauke ta a kaina shekara uku ina juyawa kafin 2017.

Hafsa: Ku ba ni dama in shigo don akwai abin da ba wanda ya taɓo, kuma shi ne ya sa ban yarda da Yaya Auwal ba duk da ni ma mako-mako na bi zangon ƙarshe. Gabi, yarinyar nan ta ɓangaren Marley, ƙasar abokan gaba. Kun tuna abin da ya faru bayan kashi na 67 da ta harbe Sasha, abokiyar su Eren, a cikin jirgi? Yarinya 'yar shekara 12 fa, amma zagin da aka yi mata a intanet ko Reiner da ya fasa ganuwa bai sha irinsa ba, kuma ni ma ina ciki, na rubuta abubuwan da yanzu ba na son tunawa. Alhali labarin ya riga ya nuna mana komai, an rusa mata unguwa a Liberio, cikin abokanta Zofia gini ya danne ta, Udo mutane suka tattake shi, masu gadin ƙofa biyu da suka saba da ita Sasha ce ta harbe su a gaban idonta. Abin da aka yi wa Eren a kashi na 1 shi aka yi mata sak. Amsar tana kashi na 72, inda aka miƙa wa baban Sasha wuƙa ga wadda ta kashe masa 'ya a gabansa, ya ƙi, ya ce nauyin manya ne su fitar da yara daga wannan dajin. Tsakanin 67 da 72 mako biyar ne, kuma mako biyar ya ishi ƙiyayya ta yi saiwa, da yawa ko da 72 ya zo zuciyarsu ta riga ta bushe, har yau in ka ambaci Gabi tsaki suke. Ƙawata da ta kalla a jere cikin yini ɗaya ta wuce daga harbin zuwa wuƙar, ita tun a ranar ta fahimci abin da ni sai da na maimaita kallo na gane. To wa ya fi kallon abin da marubucin ya rubuta, ni ko ita?

Mubarak: Anti Hafsa Allah ya biya ki, abin da na kasa faɗa ke nan.

Zainab: Amma Anti ni ina ganin tsanar ma da gangan aka bar mu da ita. Sai ka tsane ta tukuna, ka kwana da tsanar ka tashi da ita, sannan maganar baban Sasha za ta dake ka, don kai ma kana cikin masu son a soka wuƙar. Ni da ya ajiye wuƙar nan kunya ce ta kama ni ba tausayi ba, kuma ban jin wanda ya tsane ta na awa biyu kacal zai ji wannan kunyar.

Hafsa: Ke kin ji kunya Zainab don zuciyarki mai taushi ce, je ki duba nawa ne suka ji. Kuma ba Gabi kaɗai ba, dubi ƙarshen labarin. Manga, wato littafin zanen da aka ɗauko labarin daga ciki, ta ƙare a babi na 139 a Afrilun 2021, anime bai kai nan ba sai Nuwamban 2023, shekara biyu da rabi masu karatu suna watsa ƙarshen ko'ina, ni a ƙarƙashin wani bidiyon girki ma na ci karo da wanda ya rubuta wa zai kashe Eren. Kuma kowa ya gina nasa ƙarshen a ka, da na gaskiyar ya zo bai yi daidai da ginin ba sai fushi. Jira ba tunani kaɗai yake haifarwa ba, yana haifar da buri, burin kuma shi ya ɓata wa mutane da yawa ƙarshen.

Auwal: Fasa ƙwai laifin masu fasawa ne ba na jira ba. Maganar Gabi kuwa ta shige ni, ba zan ɓoye ba, don ni sai a zango na gaba da ta ceci Kaya, 'yar riƙon iyayen Sasha, na sauko. Amma Hafsa ki lura, yau shekara nawa kina tune da abin da kika rubuta a kanta da yadda kika ji daga baya. Ki tambayi Mubarak nan da shekara uku me ya ji tsakanin 67 da 72.

Mubarak: Sai a tambaye ni ɗin, ina nan. Kuma dokar nan taka ba ta hau kowane anime ba. Naruto na farko kashi 220 ne, daga wajen 136 har kusan ƙarshe duk ciko ne da ba ya cikin manga, wanda ya bi wannan mako-mako sama da shekara ɗaya da rabi me ya tsinta? One Piece tun 1999 ake yi, ya haura kashi 1000, wani kashin rabinsa tuna baya ne da kallon-kallo.

Auwal: Ban ce kowane ba, Attack on Titan na ce. Shi ba ciko a cikinsa, kusan duk inda aka yanke an yanke ne a kan gaɓa.

Malam Nura: Ni abin da zan ƙara, awa tara a rana kwana huɗu a jere ba ƙaramin abu ba ne Mubarak, ido da kai suna gajiya, kuma na san asuba ta sha wuya. Wurin da Reiner ya gaya wa Eren shi ne mai sulke Bertholdt kuma shi ne babban, a kashi na 31, an faɗe shi ne can ƙasa-ƙasa kyamara ma ta juya wani wajen, kamar ana hirar cefane. Mai gyangyaɗi ƙarfe biyun dare zai iya wuce shi.

Mubarak: Sau uku na mayar da wurin Malam, na ɗauka fassarar ce ta kuskure. Asuba kuma ban rasa ba, barcin rana ne dai ya biya.

Hafsa: To ga inda maganar ta shafe ni yanzu. Ƙanena ya gama jarrabawa yana ta roƙo in tura masa, shekararsa 17, duka yana kan kwamfutata. In ba shi gaba ɗaya ko in dinga gutsura masa?

Auwal: Ki ba shi 1 zuwa 5 ki riƙe sauran kwana uku. Ki tsaya a 25, ki tsaya a 31, ki tsaya a 54 ko zai yi kuka. Kuma ki ce kar ya nemi sunan kowa a intanet.

Zainab: Ki tsaya a 59 ma, wurin teku, ya kwana biyu da hannun nan da Eren ya nuna tsallaken ruwa kafin ya shiga Marley.

Hafsa: Na yarda da 5 da 54 da 59. Amma daga 67 zuwa 72 a zama ɗaya zai kalla, ina gefensa.

Mubarak: Anti in kika riƙe masa a 5 wlh kafin magariba ya je wurin masu turi ya karɓo sauran, ni na san abin da zan yi ke nan.