Yaba kyauta tukuici: da baki ne ko da hannu?

Ɗan Kwarbai: Salamu alaikum jama'a. Jiya gwaggona ta aiko yaro daga Tudun Wada da kwanon dambu. Na ce ya gaya mata an gode, Allah ya saka da alheri. Yaron nan ya tsaya a zaure yana ta murza hularsa, ya ƙi tafiya. Da Iya ta leƙo sai ta ce, "Kai ba ka san yaba kyauta tukuici ba?" Ta kwance bakin zani ta ba shi naira 200. Ni kuwa a sanina, yabon da na yi shi ne tukuicin. Wa ya fi gaskiya, ni ko Iya?

Hajiya ta Gyallesu: Wa alaikumus salam. Ɗana, Iyarka ce da gaskiya. Tukuici na ɗan aike ne, kuma da shi mai kyauta ke gane an ji daɗin abin da ya aiko. Yaron zai koma, gwaggonka za ta tambaye shi, "Me suka ba ka?" Ka taɓa ganin an kawo lefe, dangin amarya sun sallami masu kawowa da "mun gode" kawai? Sai an yi wata ana zancen gidan.

Malam na Kongo: Hajiya, a yi mini afuwa, maganar tana ɗaukar fuska biyu. Ana iya cewa hanyar yaba kyauta ita ce ba da tukuici, ana kuma iya cewa yabon kansa ya tsaya a matsayin tukuici. Ta biyun ce ke rufa wa talaka asiri. Annabi (SAW) ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, kuma godiya ba sai da aljihu ba.

Baba Maiɗinki: Ni dai abin da na sani zan faɗa. Tun zamanin Sarkin Zazzau Shehu Idris nake zaune bakin ƙofar gidanmu a cikin birni ina ɗinkin hannu. Babbar riga ɗaya mai ɗinkin aska takwas takan cinye mini watanni. Wani ya zo ya biya cif-cif, ya cusa rigar a leda, ko warware ta bai yi ba. Wani kuma ya shimfiɗa ta a tabarma, ya bi zaren da yatsa, ya ce, "Baba, wannan hannu Allah ya bar mana shi." Wallahi rigar na biyun in ta dawo gyara, ba na karɓar sisi.

Ɗan Samaru: Baba, ai mu Zazzagawa rowar yabo gare mu. Sai mutum ya mutu ake tuna shi gwani ne. In ka yabi yaro, a ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Hajiya ta Gyallesu: Wannan ta hattara ce, ba ta hana godiya ba. Yabon gwani ai ya zama dole.

Ɗan Kwarbai: Na gode iyayena. Gwaggo ta bugo waya ɗazu, ba ta ko ambaci kuɗin ba. Cewa ta yi, "Dambun bai yi gishiri da yawa ba?" Ashe ban ma ce mata ya yi daɗi ba.