Wanda kare ya taɓa yi wa ɗansa mummunan cizo, me aka yi masa a asibiti?

Maman Biyu, Daura: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya karen farauta na maƙwabta ya cafke ɗana ɗan shekara biyar a kumatu, ya yage shi har gefen leɓe. An wanke, an yi masa allura, likita ya ce sai an shiga da shi ɗakin tiyata. Wallahi hankalina ya ƙi kwanciya.

Baban Yara, Ƙofar Ƙaura: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. 'Yata a ƙauri kare ya kama ta, ya cire tsoka. Ba su ɗinke nan take ba, suka bar ciwon a buɗe ana wankewa ana canza bandeji, don haƙorin kare yana cusa ƙwayoyin cuta can ciki, in an yi saurin rufewa sai ya tara mugunya. Da wurin ya yi ja ya tsabtace, aka yanko fata daga cinyarta aka dasa. Inda aka ciro fatar ma ya fi sa ta kuka. Yanzu da gudu take zuwa Islamiyya.

Ma'aikaciyar jinya, Katsina: Anti, fuska daban take. Jini na gudana sosai a wurin, shi ya sa ake ɗinkewa da wuri bayan an sa yaro barci an wanke tas, kuma likita zai daidaita bakin leɓen don kada ya warke a karkace. Abin da ya fi damuna haukan kare. Kar ki tsallake ko allura ɗaya: ranar cizon, rana ta 3, ta 7, ta 14, wasu har ta 28. Ki tambaya ko an yi masa wadda ake yi a cikin raunin cizon, da ta tetanus.

Yaya Babba, Mashi: Yaron unguwarmu barkono da toka aka sa masa, ba a kai shi asibiti ba. Bayan 'yan makonni ya fara firgita in ya ga ruwa, ya rasu. Jama'a, ruwa da sabulu minti 15, sannan asibiti.

Baban Yara: Kuma kar a kashe karen. A ɗaure shi kwana 10 ana lura da shi. In ya mutu, likitan dabbobi zai iya aika kansa cibiyar binciken dabbobi ta Vom, a jihar Filato, a gwada.

Maman Biyu: Na gode, Allah ya saka. An fito da shi ɗazu, ya farka har ya sha kunu da cokali. Mai karen ya ɗaure shi. Jibi allura ta biyu.