Musayar Waƙa: Yadda Mulkin Tarayya Ke Tafiya Can Maƙwabta

Ɗan Zango:

Sallama gare ku manyan Damagaram,
Ɗanku ne ya zo muku da tambaya.
Wake nake kaiwa kasuwar Kano,
Ta Matamai da Daura nake bin hanya.
Hoton ɗan takarar gwamna da na sanata
Sun rufe katanga gaba da baya.
Mu gwamnanmu daga Yamai ake turo shi,
Su ƙuri'a ke ɗora nasu, ba jayayya.
Wa ke sama da wa, wa ke tsare wa?
Ku warware mini tsarin tarayya.

Mushe na Birni:

Zauna ɗana, ka zo da batu mai kyau.
Tukunyar mulki can Najeriya
Kan duwatsun murhu uku aka girka ta,
In guda ya goce babu sauran miya.
Na fari majalisa mai tsara doka,
Zaure biyu gare ta, riƙe a zuciya.
Dattawa 109 ke zauren farko,
Uku kowace jiha, Abuja na da ɗaya.
Wakilai 360 ke ɗaya zauren,
Da yawan jama'a ake rabon, ba ƙarya:
Kanon da kake zuwa tana da 24,
Bayelsa 5, ba ta kuwa jin kunya,
Don a zauren dattawa ita da Kano
Kafaɗarsu ɗaya, ba mai bin baya.
Na biyu shugaban ƙasa da ministoci,
Shekara 4 sau biyu, sai ya yi tafiya.
Ba ya naɗa minista shi kaɗai,
Sai dattawa sun tsare shi da tambaya,
Kuma tilas kowace jiha ta sami nata,
Kundin tsarin mulkin 1999 ya shimfiɗa hanya.
Na uku alƙalai, Kotun Ƙoli ce samansu,
In ta yanke hukunci sai biyayya.

Hajiya ta Sabon Gari:

Mushe, ka yi mini izini na sauya amsa-amo.

Sannu da aiki Mushe, Allah ya saka,
Saura zaɓen shugaban ƙasa, shi nake son taɓawa.
Yawan ƙuri'a kaɗai ba ya ba da mulki,
Ko ka kwashe dukan ta Arewa.
Sai ka sami kwatan ƙuri'un da aka jefa
A biyu bisa ukun jihohi, kafin rantsuwa.
Dole Bahaushe ya je roƙo Inugu,
Bayarabe ya zo Sakkwato gaisuwa.
Wannan doka ni tana burge ni,
Ta hana ɗan takara kwanciya cikin ƴan'uwa.
A 1979 jihohi 19 ne,
Lissafin ya zo ya ƙi rabuwa.
Shagari ya cika sharaɗi a 12,
A Kano kusan kashi 20 ya samu, ba ƙaruwa.
Abokin takararsa Awolowo ya ce sai an cika 13,
Ya kai ƙara, aka zauna dubawa.
Kotun Ƙoli ta ce 12 ne da ɓari,
Biyu bisa ukun Kano ake aunawa.
Da haka Shagari ya hau kujera,
Har yau lauyoyi na ta tattaunawa.

Kawu mai tireda:

Hajiya, yabonki na bisa hanya,
Amma a tambayi inda kuɗin ke kwana.
Jiha 36, galibinsu ido na Abuja,
Sai an raba na wata ake biyan ma'aikata da rana.
Ƙaramar hukuma 774,
Ita ke da rijiya da asibitin ƙauye da makarantar ɗana,
Shekara da shekaru kuɗinta na bi ta jiha,
Abin da ya iso ƙauye sai ka ji zuciya na ƙuna.
Sai Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce
A zuba musu kai tsaye, bi ta jiha ta hana.
Zaɓensu kuma hukumar jiha ke shiryawa,
Jam'iyyar gwamna kan kwashe, wannan ke damuna.
Ƴan sanda ma na tarayya ne duka,
Kwamishinansu Abuja yake saurare, ba gwamna.

Ɗan Zango:

Kawu, ka tsorata ni da ƙarfin gwamna.
In ya ɓata, wa ke da ikon cire shi
Tun wa'adinsa bai kai ƙarshe ba?

Mushe na Birni:

Kowace jiha na da majalisarta, ɗana,
Ita ke karɓar ƙorafi bisa ƙa'ida.
Babban alƙalin jiha ya zaɓo mutum 7
Su bi zargin, su saurari shaida.
In sun ce laifin ya tabbata,
Biyu bisa ukun majalisa suka sa hannu a takarda,
Ranar gwamna zai bar gidan gwamnati,
Mataimakinsa ya karɓi ragamar fada.
An yi wa Balarabe Musa a 1981,
Shi ɗan jam'iyyar PRP, ƴan NPN ke da rinjaye a majalisar Kaduna,
Sun ƙi amince masa da kwamishinoni,
Suka tsige shi bai cika shekara biyu yana gwamna.