Idan ban samu zuwa zumunta ba, sujadata ta ragu ne?

Maman Biyu:
Salama gare ku ƴan'uwa cikin sunan Yesu. Dan Allah ku taimake ni da abin da ke damuna. Ina sayar da hatsi, masara da dawa da wake, kuma ranar zumuntar mata a cocinmu ta faɗo daidai da ranar kasuwar garinmu, wadda ita ce ranar da nake samun abin da zan biya wa yara kuɗin makaranta tun da maigidana ya rasu. Ran Lahadi bayan sujada wata mama ta ja ni gefe ta ce wai ibadata ta zama ta Lahadi kawai, ba a ganina a zumunta, ba a ganina a addu'ar tsakiyar mako. Ban mayar mata ba dan ta haife ni, amma tun ranar ba na barci sosai. Shin sujada ta gaskiya sai a cikin coci ne, ko yaya?

Baba Dattijo:
Ƴata, sannu da ƙoƙari, Ubangiji ya ƙarfafa ki. Kafin mu zo kan zumunta bari in tambaye ki, mudun da kike saye da shi da wanda kike sayarwa da shi ɗaya ne? In ɗaya ne toh ki sani kina sujada a rumfar nan. Ki buɗe Amos 8:5-7, mutanen can suna kiyaye Asabar fa, ba su fashin ranar ibada, amma zuciyarsu tana ƙosawa ranar ta wuce su koma su rage mudu su ƙara farashi, kuma Allah ya rantse ba zai manta da aikinsu ba. Karin Magana 11:1 ma ta ce ma'aunin zamba abin ƙyama ne gare shi. Mu dattawa mun sha zaman shari'a kan masu uniform ɗin zumunta da suke bubbuga gindin mudu ya shige ciki, ko su zuba tsohon wake a ƙasan buhu sabo a sama, kuma su ne masu ɗaga murya a waƙa. Bulus ya ce a Romawa 12:1 mu miƙa jikinmu hadaya mai rai, jikin nan kuwa shi ne hannun da ke awo da bakin da ke faɗin farashi.

Malamar Sande Sukul:
Baba na yarda da kai amma kar mu sa ta saki taro gaba ɗaya. Ibraniyawa 10:25 ta hana mu barin taruwa, kuma gwauruwa mai yara tana buƙatar matan nan fiye da kowa, ran rashin lafiya su ne za su zo da kwano da addu'a. Yaya, ki je wurin matar fasto ki faɗa mata halin da kike ciki, nasan ba ke kaɗai ce ƴar kasuwa a cocin ba, ana iya matsar da lokaci zuwa yamma.

Ɗan Michika:
Ni ɗan EYN ne, wato Ekklesiyar Ƴan'uwa a Najeriya. A 2014 da Boko Haram suka shigo Michika, daga baya suka kama Mubi har hedkwatar ikilisiyarmu a Kwarhi, mun gudu ba coci ba benci ba ganga ba kwanon baiko, a gindin bishiya muke taruwa, wani lokaci ma cikin raɗa muke waƙa. Abin da Yesu ya gaya wa matar Samariya a Yohanna 4, cewa ba a dutsen nan ba ba kuma a Urushalima ba sai dai cikin ruhu da gaskiya, a can na ga shi da idona, wata tsohuwa tana raba ɗan garin da ya rage mata da yaran da bata ma san iyayensu ba. Mama ki riƙe addu'ar safe da yaranki ko minti 10 ne kafin ki fita, waƙa ɗaya, aya ɗaya. Ita kuma maman da ta yi maganar kar ki riƙe ta a zuciya, Matiyu 5:23-24 ya ce a shirya da ɗan'uwa kafin a kai baiko.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku. Baba mudu ɗaya ne, wanda uwata ta bar min. Zan ga matar fasto ran Lahadi, akwai mu huɗu a layin hatsi da abin ya shafa, zan kira su mu je tare.