Waɗanda suka daɗe a aikin agaji, me ya riƙe ku?

Sabuwar_Yar_Agaji:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Wata huɗu kenan da na shiga Red Cross aikin sa kai, a wajen horo na ga wani dattijo da aka ce ya haura shekara 30 yana yi, ba albashi ba komai, kuma kullum shi ke riga kowa zuwa. Ni kam fitata ta farko hatsarin mota ne, na danne wa wani yaro rauni da bandeji har motar asibiti ta iso, amma wallahi daren nan ban runtsa ba, hannuna sai rawa yake. Don Allah me ke riƙe mutum haka? Ko dai ni ce ban dace da aikin ba?

Baba_Mai_Jaka:
Wa'alaikissalam 'yata, sannu da ƙoƙari. Rawar hannun nan bayan kin gama ta zo ko? To ai kin dace kenan, lokacin da yaron ke buƙatarki hannun bai ƙi ba. Ni bana shekarata 34 a ciki, na yi ambaliya na yi gobara na yi sansanin 'yan gudun hijira lokacin da amai da gudawa ya ɓarke muna kwana haɗa ruwan gishiri da suga, cokalin shayi 6 na suga da rabi na gishiri a lita ɗaya, muna ba yara kaɗan-kaɗan har gari ya waye, kuma har yau akwai fuskokin da ban manta ba, na waɗanda muka yi iya yinmu Allah bai yi ba. Abin da ya riƙe ni, ranar da na fara ganin mutum kwance jama'a sun kewaye shi ba mai sanin abin yi, na ɗauki alkawari ba zan sake zama ɗan kallo ba. Amma kada ki riƙe abin a ciki, ki samu wadda kuka fita tare ku zauna ku yi maganar. Mu da ba mu yi haka da wuri ba mun ji a jikinmu.

Anti_Nas:
Gaskiya Baba ya faɗa. Ƙanwata ki riƙe atisaye, shi ke kashe tsoro. Ga wanda numfashinsa ya tsaya, danna ƙirji 30 hura numfashi 2, danna 100 zuwa 120 a minti, ki yi ta yi a jikin mutum-mutumin roba har hannu ya haddace. Ƙuna kuma ruwa mai sanyi yana zuba a kai minti 20, banda ƙanƙara banda shafa mai. Safar hannu kuma kada ta bar jakarki, ki duba lafiyar wurin kafin ki shiga.

Dan_Sa_Kai:
Ni abin da ya fi mini wuya ba jini ba ne. Akwai ranar rikici da aka miƙo mini wanda na san daga ɓangaren da suka ƙona mana gida yake, na ɗaure masa ƙafa zuciyata na tafasa. Amma asalin aikin kenan ai, bayan yaƙin Solferino na ƙasar Italiya a 1859 wani ɗan Switzerland mai suna Henry Dunant ya tara matan garin Castiglione suna jinyar sojojin kowane ɓangare ba tambaya, daga nan aka kafa kwamitin da ya zama Red Cross a Geneva 1863, kuma rashin nuna bambanci yana cikin ƙa'idoji 7 da aka amince da su a Vienna 1965. Karanta su a takarda da sauƙi, ranar da aka gwada ni sai da na yi kuka a bayan mota.

Sabuwar_Yar_Agaji:
Allah ya saka da alheri, na ji sanyi a raina. Baba na kira wadda muka fita tare, ashe ita ma ba ta yi barci ba, gobe za mu haɗu. Anti, duk bayan wata nawa kuke maimaita atisayen danna ƙirjin?