An ɗora gidana a intanet da bayanan ƙarya, yaya zan sa a gyara?

Jama'a, don Allah ina neman shawara. Na ba wani dillali gidana ya sayar, shi kuma ya ɗora shi a wani shafin tallar gidaje. Ɗaki uku ne da gidan, aka rubuta huɗu, girman filin ma an ƙara masa, har da hoton wani falo da ba nawa ba. Da na yi magana ya gyara nasa, ashe wasu shafukan tuni sun kwashi tallar, su kuma ba sa sabuntawa. Yanzu duk wanda ya zo dubawa kallon mayaudari yake min, wani ko zama bai yi ba ya juya.

Na rubuta wa shafukan, suka ce wanda ya ɗora tallar ne kaɗai ke da ikon taɓa ta. Dillalin kuwa ya rantse bai taɓa hulɗa da su ba. Google ma tsohon bayanin yake nunawa.

Idan na tura musu takardar mallaka za su sauke tallar, ko sai lauya ya rubuta musu? Kuma in mai saye ya dogara da wannan bayanin ya biya, wa doka za ta kama, ni ko dillali?